Ledar Maganin Baffa a Hanyar Fas

Mun tashi da asuba daga Azare, ana sallame sallah muka shige mota mu bakwai, da niyyar ziyarar kabarin Shehun ɗariƙarmu a birnin Fas na ƙasar Maroko. Masu bina a wannan shafi kun ga hotunan duwatsu da raƙuma da na riƙa sakawa, kun kuma ga na yi ɗif rana tsaka. Yau zan ba ku labarin abin da ban ɗauka a hoto ba.

A cikinmu akwai malamin zawiyarmu, shi ne bakinmu a wajen Larabawa, da 'yan kasuwa huɗu, da ni mai sayar da injin ban ruwa, sai surukina, mahaifin mai ɗakina. Baffa muke ce masa. Bafulatani ne daga wata ruga a gefen Gamawa, dogo siriri, ya haura saba'in. Shekara goma sha ɗaya ina zaune da 'yarsa ta fari, bai taɓa kiran sunana ba, ni kuma ko goro ban taɓa ci a gabansa ba. In mun haɗu sai in durƙusa daga nesa, ya kalli gabas in kalli ƙasa, mu gama gaisuwa kowa ya kama gabansa. Bajimai biyu ya fitar daga garke saboda wannan tafiya. Burinsa ɗaya ne tun yana saurayi, ya tsaya a gaban kabarin Shehu kafin a tsaya a kan nasa.

A zaure, kafin in fito, mai ɗakina ta damƙa mini wata farar leda. Ta ce, "Maganin zuciyarsa ne, na mako biyu, guda goma sha huɗu. Ƙwaya ɗaya kowace safiya. Yana sa yawan fitsari, amma likita ya ce in ya bari ruwa zai taru masa a ƙirji. Da hannunka za ka riƙa ba shi, ka tsaya ya haɗiye." Na ce to. Ba mu wuce Jama'are ba na fara tunanin yadda zan tsaya a kan surukina da kofin ruwa ina kallon maƙogwaronsa. A filin jirgin Kano na ja Malam gefe na ba shi ledar, shi kuma ya miƙa wa Baffa, Baffa ya jefa a jaka. Na ce a raina amana ta isa ga mai ita.

Daga Kano muka yi Legas, daga Legas jirgi ya sauke mu a Kasabalanka. Tun a gida mai shirya tafiyar ya ba mu zaɓi biyu. Ko mu hau jirgin ƙasa mu isa Fas a wuni guda, ko kuma ɗan jagora ya zaga da mu a mota ta kudu, mu haye duwatsu, mu taɓa hamada, mu ɓullo ta gonakin inabi, Fas ta zama ƙarshe. Ni na kafe a kan ta biyun. Na ce wa zai zo ƙasar mutane ya koma bai ga komai ba sai tashar jirgi? Da aka tambayi Baffa ya ce duk inda muka yi nan ya yi.

Ɗan jagoran namu mutumin duwatsun ne, gajere mai fara'a, yana tuƙa wata farar bas mai sabon ƙamshi. Ya sa Baffa a gaba don girmamawa, ni kuma kujerar da ta rage mini ita ce ta bayansa daidai. Titin da ya nufi birnin Marrakesh shimfiɗaɗɗe ne, ba rami ba shinge, har ɗaya daga cikinmu ya ce shi barci ya ƙi zuwa masa tunda babu gargadar da ya saba da ita. Ba mu yi awa guda ba Baffa ya ɗaga hannu, aka tsaya ya kewaya. Aka ƙara gaba ya sake ɗagawa. A karo na uku wani a baya, cikin wasan da ke tsakaninsa da Fulani, ya ce, "Baffa, shayin Larabawa ba kindirmo ba ne, a riƙa sha ana lissafi!" Mota ta kwashe da dariya. Baffa ya waiwayo zai rama, idonsa ya faɗa cikin nawa. Na sunkuyar da kai, shi kuma ya juya ya fuskanci titi.

Daga ranar bai sake ɗaga hannu ba. Na lura da hakan sarai. Abin da ya fi ci mini rai yanzu shi ne a lokacin daɗi na ji, na ce an huta da abin kunya.

Washegari, kafin mu kama hawan duwatsun Atlas, ɗan jagora ya kashe mota ya juyo ya yi magana, Malam ya fassara. Ya ce inda za mu hau ya fi mita dubu biyu, iska ba ta da kauri a can, in akwai mai ciwon zuciya ko hawan jini ya faɗa yanzu, akwai yadda za a yi. Baffa yana jan carbi yana kallon gilashi. Ni kuwa na tsura wa takalmina ido. Yaya zan buɗe baki a gaban mutane in ce surukina ba shi da lafiya, alhali shi mai jikin bai ce ba? Ɗan jagora ya ce masha Allah, ya tayar da mota.

Hanyar ba ta da miƙaƙƙen wuri. Kwana ce a kan kwana, dutse a hagu, rami a dama wanda in ka leƙa sai ka ga motar da ke ƙasa kamar akwatin ashana. Ƙauyukan jar ƙasa ne irin ginin kakanninmu, manne a jikin dutse, kowane da hasumiyar masallaci. Ni da sana'ata ruwa, na ga abin mamaki: ba inji ko ɗaya, sun yanko ruwan ƙanƙara daga sama ta 'yan lambatu, yana bin gonaki hawa-hawa da ƙafarsa. Na ce in da haka fadamarmu take da tuni na rufe shago. A ƙololuwa muka tsaya, sanyi ya nuna mana cewa namu na gida wasan yara ne. Muka sayi huluna masu rufe kunne a wajen wani dattijo, ya faɗi kuɗi muka raba biyu kamar a kasuwar Azare, ya karɓa da saurin da ya nuna mana har yanzu shi ya ci riba.

Baffa bai fito ba. Da na koma ɗauko waya na ji numfashinsa, gajere-gajere, da wani ɗan kuka a ciki. Na tsaya a bakin ƙofa na ce, "Sannu Baffa." Ya ce, "Jam tan," wato lafiya lau. Azahar a zaune ya yi ta, mutumin da ke bin shanu da ƙafa tun daga Gamawa har bakin kogi.

Da muka gangara ta ɗaya gefen, ƙasa ta bushe, kore ya ƙare sai a bakin rafi inda dabino ke jere. Abincinsu nama ne da kayan lambu da zaitun mai gishiri, a wata tukunyar ƙasa mai murfi kamar malfa, sai burodi safe da rana da yamma. Kwana uku da fara cinsa 'yan kasuwarmu suka shiga zancen tuwon dawa da miyar kuka kamar masu zancen wani mamaci. Ni a waje nake cin nawa, don kwano ɗaya ake sa mana duka kuma Baffa yana cikin masu ci. Saboda haka ban san ya daina ci ba sai da Malam ya gaya mini daga baya.

A hamada muka kwana biyu a tanti. Rairayin ja ne, tudu bayan tudu har inda ido ya gaji. Aka kawo raƙuma, Turawan da ke wani tantin suna ta ihu suna hoto, mu kuma muna dariyar mutanen da suka biya kuɗi don su hau abin da ke kawo mana kanwa kasuwa. Duk da haka mun hau, kun ma ga hoton. Da safiyar rana ta biyu na tarar da Baffa zaune ya jingina da sandar tanti, shimfiɗarsa ko lanƙwasa ba ta yi ba. Ya take bayan takalminsa don ƙafar ta ƙi shiga, idon sawun ya ɓace cikin kumburi. Na san abin da ya kamata in yi, taku uku ne tsakanina da jakarsa. Sai na tafi wajen Malam na ce ya tambaye shi. Malam ya ce, "Baffa, ana dai shan magani ko?" Baffa ya ce, "Alhamdu lillahi." Malam ya dawo ya ce mini ya ce yana sha. Ni na ji amsar da kunnena, na san ba haka ya ce ba, amma na karɓa.

Ranar da muka nufi arewa ita ce mafi tsawo. Tun hantsi muke tafiya, muka sake hawa wasu duwatsun, muka ratsa wani daji mai dogayen itatuwa da birai a bakin titi. Kowa ya sauka ya kewaya sau biyu, Baffa bai motsa ba. Ina bayansa ina kallon kafaɗunsa suna hawa suna sauka.

Da la'asar muka sauko cikin gonakin inabi kusa da garin Maknas. Ba lokacin 'ya'ya ba ne, an sare rassan inabin duka, sai baƙaƙen kututtura a jere kan waya, layi-layi har gindin tudu, da siraran tiyo masu ɗiga ruwa a gindin kowane. Ɗan jagora ya tsaya a wata gona ya ce a nan yakan kawo baƙi su ɗanɗana. Muka ce a kawo mana ko busasshe ne. Ya yi 'yar dariya, ya ce wannan inabin ba na ci ba ne, na matsa giya ne. Malam ya yi salati ya ce a tayar da mota, masu ziyara ba su da abin yi a nan. Ana cikin wannan Baffa ya buɗe ƙofa da kansa, ya taka uku, ya zauna daɓas a bakin kunyar gonar yana tari. Abin da ya tofar kumfa ne mai ja-ja.

Ban san lokacin da na isa gare shi ba. Na tallafi bayansa, karo na farko da hannuna ya taɓa jikinsa tun da aka ɗaura mana aure da 'yarsa. Na ce, "Baffa, ina maganin?" Ya nuna jaka da haɓa. Na zazzage ta a ƙasa, ga ledar ya ƙulle ta tamau. Ya kama hannun rigata, yana jan kalma ɗaya-ɗaya, ya ce, "Alhaji, ba ya kyau in riƙa tsayar da mutane a gabanka. Na ce in mun isa Fas sai in ci gaba da sha." Ya huta, ya ƙara da cewa, "Kada yarinyar ta ji."

Ɗan jagora ya yi gudun da ban taɓa gani ba, ya kai mu wani asibiti a cikin gari. Sun yi iya ƙoƙarinsu, suka sa masa iska, suka yi allurai. Likitan ya tambayi kwana nawa rabonsa da magani, da Malam ya fassara na ce huɗu, sai ya dube ni ya koma kan Baffa. Washegari da hantsi Baffa ya cika. Tsakaninsa da Fas bai fi tafiyar awa guda ba.

A can aka binne shi bayan an gama takardu. Mutanen da ba su san ko sunan ƙasarmu ta Katagum ba suka cika sahu, wani tsoho ya rungume ni yana kuka. Ɗan jagora ya riƙa tambaya ta bakin Malam, me ya sa ba wanda ya faɗa masa, akwai hanyar da ba ta hawa dutse, kuma tsayawa ko sau ashirin ne aikinsa ke nan. Malam ya fara yi masa bayanin surukuta da fulako, ya kai tsakiya ya bari. Mun shiga Fas, na tsaya a gaban kabarin Shehu da carbin Baffa a aljihuna, addu'o'in da na tanada tun daga gida ko ɗaya ban tuna ba.

Mun iso Azare mu shida ana kiran magariba. Washegari muka wuce ruga zaman gaisuwa. Duk wanda ya zo sai ya ce Baffa ya dace, ya rasu a hanyar ziyara, ya kwanta a ƙasar waliyyai, ni kuma Allah ya yi mini albarka da na kai shi. Ina amsawa da amin. Na yarda kwana ne ya ƙare, babu mai ƙara wa wani ko daƙiƙa. Amma an ce tafiya mabuɗin ilimi, kuma abin da wannan ta buɗe mini ba daɗi gare shi ba: kunyar da nake taƙama da ita a matsayin ladabi, rabinta tsoro ne na kada a gan ni a wani hali. Shi ya ji kunyata ya bar magani, ni na ji kunyarsa na bar shi. Duk mai shirin tafiya da dattijo, ya ajiye surukuta a zaure, in an dawo lafiya ya ɗauki abarsa.

Na so in jefar da ledar tun a Maroko, don in cika masa maganarsa ta ƙarshe. Hannuna ya ƙi, na mayar da ita jakar. Bayan sadakar bakwai muka dawo gida, mai ɗakina ta zauna a tabarma tana fitar da kayansa, hula, rawani, tocila. Da ta zo kan ledar ta kwance, ta juye a tafin hannu, ta ƙirga da yatsa. Ta sake ƙirgawa. Goma sha biyu.

Ba ta yi kuka ba, ba ta ɗaga murya ba. Ta dube ni ta ce, "Da hannunka na ce maka."