Kalma Ɗaya Ta Hana Abokina Zuwa Aurena

Shekarun baya, lokacin da nake shirin aure, wani labari ya ɗauke mana hankali a Ƙonni. Wata marubuciya ce da ba mu taɓa gani ba take sako shi kashi-kashi a wani zauren WhatsApp, labarin wata sarauniya mayaƙiya a ƙasar aljanu da rijiyoyi masu magana. Mugun labarin ana ce masa Mai Fuskar Tagulla. Yana ƙone garuruwa, yana shanye koguna, kuma babu wanda ya taɓa ganin abin da ke bayan tagullar nan. Ni tela ne, amma a watannin nan na fi tunanin mutumin nan a kan ɗinkin mutane. Na taɓa yi wa wani aljihu a bayan riga saboda shi.

Abokina direban kamyo ne, wato babbar motar kaya, yana ɗaukar siminti daga Malbaza. Tare muka yi lakwal, wato makarantar boko, kuma shi ne zai zama babban abokin ango a aurena. Har na yanka masa shadda iri ɗaya da tawa. Ni na saka shi a zauren, abin da har yau nake cizon yatsa a kansa.

Rannan aka sako kashin da kowa yake jira. Sarauniya ta kai wa mugun nan sara, tagullar ta rabe biyu, ta dubi fuskarsa, takobi ya suɓuce daga hannunta, ta ce, "Baba!" Nan kashin ya ƙare. Daga nan kuma marubuciya ta yi ɓatan dabo. Babu ci gaba, babu bayani, wayarta a kashe.

To kun san yadda kalmar nan take. In ka fara ta ƙasa ka ɗaga, uba kake kira. In ka fara ta sama ka sauke, ƙanwar uba ce ko yayarsa. A baki ko yaro ba ya ruɗewa, amma a rubuce duk abu ɗaya ne. Ga shi a labarin uban sarauniya ya faɗa rijiya ba a ga gawarsa ba, ga kuma wata ƙanwar ubanta mai ba ta shawara, wadda duk ranar da aka ƙone gari ba ta cikin fada.

Zaure ya rabe biyu. Abokina shi ne jagoran masu cewa uban ne, ni kuma na 'yan ƙanwar uba. Manyan mutane masu iyali suka koma tura saƙon murya, kowa yana rera "Baba" da irin tasa muryar, sai ka ce awaki a kasuwar Illela. Wani daga Tsarnawa ya ce ai in tana maganar mugun, marubuciya "ya" take cewa, ba "ta" ba, don haka namiji ne. Na ce da ta ce "ta" tun farko, me ya rage na labarin? Na koma baya na karanta komai, na tattaro hujjoji, har da cewa mugun yana ƙamshin turaren wuta.

Ana cikin haka wani da ban ma sani ba ya rubuta cewa ai duk ƙanwar uba haka take, tana yi maka dariya, cikinta kuwa baƙi ƙirin. Ni kuma ina kan keken ɗinki, na danna masa hoton dariya. Guda ɗaya tak. Kafin la'asar abokina ya fita daga zauren.

Sai a lokacin na tuna. Yana ƙarami ubansa ya tafi kudu neman kuɗi bai dawo ba, ƙanwar uban ce ta riƙe shi a Dogarawa, da sayar da fura ta yi masa komai. Na sani sarai, na sha cin tuwonta. Amma don Allah, me ya haɗa baiwar Allah nan da matar da ke shanye koguna?

Na kira bai ɗauka ba. Na hau mota na je Malbaza, na same shi a layin kamyoyi, gira duk ƙurar siminti.

"Kai ka yi ma babata dariya," in ji shi, ko gaisawa ba mu gama ba.

"Wace babarka? Ta cikin labari muka magana!"

"Matar da ta zuba maka tuwo da hannunta. Gaban jama'a anka zage ta, ka buɗe haƙora."

"Ba haƙorana ba ne, na waya ne. To na ji, ka yi haƙuri."

"Ba nan ba. Ranar da marubuciya ta hwaɗi uban na, ka shiga zaure ka ba ni haƙuri inda ka yi dariyar."

"In kuma ba shi ba ne?"

"Shi na. Ni na san abin da uba ka iyawa."

Raina ya ɓaci. Na ce aurena saura kaɗan, zai jingina shi da wata mata da ba mu san ko tana raye ba? Ya hau kamyonsa ya ja ƙofa.

Mahaifiyata da ta ji labarin cewa ta yi, "Ku dai ba ku da aikin yi. Mutum da aljanu sunka haihwa shi ka raba ku?" Na ce ba aljanu suka haife shi ba, na fara yi mata bayani, ta tashi ta bar ni.

Ranar ɗaurin aure ina ta waiwayen hanya. Ashe shi ya roƙi a ba shi lodin Agadas, ya yi tafiyarsa. Babar tasa kuwa, wadda ake duk wannan rigima dominta, ta zo tun da safe da ƙwaryar furarta, ta rangaɗa guɗa, tana tambayata ina ɗanta ya shige. Ba ta ma san ana yi ba.

Bayan biki da kamar wata biyu marubuciya ta ɓullo. Wai haihuwa ta yi, a yi mata afuwa. Ta sako ci gaban. Mai Fuskar Tagulla ɗan sarauniyar ne, wanda wani tsuntsu ya sace yana jariri tun farkon labari, duk mun manta da shi. Sunan mahaifinta aka sa masa, ita kuma ba ta iya faɗin sunan, shi ya sa take ce masa Baba. Abin da ake yi a kowane gida a garin nan. Mu fiye da ɗari a zauren, babu wanda ya kawo shi a ransa.

Ranar abokina ya kira ni. Na ɗauka zai ce mun yi wauta. Sai cewa ya yi, "Ka gani ko? Muryar da ni hwaɗi ita ta daidai. Da irin ta uba aka kiran shi."

Na kashe wayar. Ya sake kira, muka yi dariya, aka wuce wurin.

Yau muna nan tare. Ranar sunan ɗana na fari shi ya riga kowa zuwa, shi ya riƙe ragon. Amma har yanzu in na tuna, haushi nake ji, nasa da nawa da na matar nan da ta tafi wankan jego ta bar mu da kalma ɗaya. Aure dai sau ɗaya na yi, kuma wanda yake tsaye a damana a hoton, sanye da shaddar da na yanka wa abokina, maƙwabcin shagona ne mai gyaran rediyo.