'Yar Gyaɗa Tana Ja Hagu

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Yau da safe ina tashar Ƙaura ina jiran lodi labari ya same ni: Baba Nomau na Dauran ya rasu.

Ban gama share hawaye ba waya ta shigo. Na ɗauka ta'aziyya ce. Wai, "Direba, kai da ka san gidan, bindigar nan fa? Za su sayar?"

Haba jama'a! Ko wanka ba a yi wa mutum ba!

Ga wanda bai san shi ba, Baba Nomau manomi ne kuma maharbi, aminin mahaifina. Bindigar kuwa gadon babansa ce, shi ma a hannun wani Bature mai sayen gyaɗa ya same ta. 'Yar siririya ce, mai wani ƙarfe a ƙarƙashin kunama, a ja shi ƙasa a mayar, kwanso ya fita, sabon harsashi ya hau. Harsashin bai fi ƙwayar gyaɗa ba, shi ya sa yake ce mata 'Yar Gyaɗa. Da lasisinta. Daga Zurmi har Shinkafi ban taɓa ganin irinta ba.

Amma ba ita ce Baba ba.

Shekarar da mahaifina ya rasu, sai mu tashi mu tarar da zabuwa rataye a zaure, an yanka an fige. In muka je godiya ya haɗe rai ya ce, "Wa ya hwaɗa muku ni na?"

Ranar da motata ta mutu kusa da garinsu, shi ya kwashi fasinjojina har gida, aka dama musu fura. Ni kuma ya yini yana tsokanata, wai Sarkin Gaggawa yau ya samu hutu.

Waɗannan ba wanda ya ambata a zaman makoki. Hirar bindiga kawai. Wannan ya ce dafaffiya ce, ba ta taɓa kuskure ba. Wancan ya rantse ko ido rufe aka harba sai ta samu. Wani ma lissafin abin da masu tara kayan tarihi za su biya yake yi, carbi na hannunsa.

To ku saurara, don ni na taɓa harba ta.

Baba ya kafa mini gwangwani a kan kututture, ba nisa. Na saita sosai, na harba. Ƙasa ta tashi can gefe. Na sake, haka. Ya yi dariya har hularsa ta faɗi, ya ce, "Hagu taka ja, ɗan nan, kamar sitiyarin akwalarka. Sai ka san halinta ka ba ta dama kaɗan."

Kun ji. Idon Baba ne ba ya kuskure, da haƙurinsa. Zabi da zomaye yake harbi da ita, sai biran da ke ɓarnar masara.

Abin da ya sa nake wannan rubutu raina a ɓace, Sanusi ne, babban ɗansa. Daminar bara 'yan bindiga suka kashe ƙanin Sanusin a gona, suka kore shanun huɗa. Tun daga nan Sanusi yake roƙon a ba shi 'Yar Gyaɗa ya bi 'yan sa-kai daji. Baba ya hana. Ba sunan da ba a kira tsohon nan da shi ba a majalisa: matsoraci, marowaci, wanda ya fi son ƙarfe da jinin ɗansa. Duk ya shanye.

Ganina da shi na ƙarshe a kasuwar Shinkafi ne, wata Alhamis, ya zo neman maganin ido. Sai da na yi magana ya gane ni. Ya riƙe hannuna ya ce, "Idona ya tahi, ita ma aikinta ya ƙare. In ka ji na mutu, a kai ta ga hukuma da takardarta. Kak ka bari Sanusi ya shiga daji da ita. Na binne ɗaya, ya ishe ni."

Na ce, "Baba, ai kai za ka binne mu." Ya ce in daina shirme in ce to. Na ce to.

Yau bayan jana'iza, a kunnena, wani dattijo da furfurarsa ya dafa kafaɗar Sanusi ya ce, "Yanzu wadda ba ta kuskure ta dawo hannunka." Na so in yi magana, aka ce ba lokacinta ba ne. Yaushe ne lokacin, don Allah?

Da la'asar Inna Hajo, mahaifiyar Sanusi, ta aiko a kira ni. Ta duba bayan ƙofa inda ake rataye bindigar, babu. Sanusi ma babu, babur ɗinsa babu. Na kira har batirina ya kusa mutuwa, tana shiga ba ya ɗauka.

Sanusi, na san kana hawa shafin nan, na san za ka karanta. Ban ce ba a zalunce ku ba, da ni aka ɗauki gawar ƙaninka. Amma waɗanda kake nema manyan bindigogi ne a hannunsu, kai kuma ta harbin zabuwa ka ɗauka, wadda ko sau ɗaya ba ka taɓa harbawa ba. Masu zuga ka suna can kan tabarma suna shan shayi. Inna tana bakin ƙofa, ta ƙi shiga ɗakin takaba sai ta gan ka.

Ka dawo. Ka zage ni in kana so, amma ka dawo.

Direbobinmu na hanyar Zurmi, Jangeru da Katuru, duk wanda ya gan shi ya tsayar da shi, ya kira ni.

Allah Ka jiƙan Baba Nomau, Ka haskaka kabarinsa, Ka saka masa da Aljanna Firdausi. Ka kawo mana ƙarshen wannan masifa.

Wanda duk ya karanta, kada ya tambaye ni kuɗin bindiga. Ya yi wa Baba addu'a, sannan ya roƙi Allah Ya juyo da Sanusi gida kafin a kira magariba.