Ranar da Baffa Ya Karya Memori

Shanu arba'in da ɗaya, 'ya'ya tara, shaidu shida, biyu daga cikinsu sun taso tun daga Runka ta hanyar da ba a binta don nishaɗi. Duk wannan na tara a cikin wani ɗan abu da bai wuce faɗin farcen babban yatsana ba, sannan na miƙa shi da hannuna ga tsoho mai wuƙa a aljihu.

Da sayar da kaset na fara, a kasuwar Batsari, kan teburi mai ƙafa uku da dutse. Daga baya na sayi kyamara ta hannu, mai nauyin ɗan akuya, na shiga ɗaukar suna da ɗaurin aure da saukar karatu. Abin da ya fitar da ni daban shi ne ina jan waya daga kyamarar zuwa talabijin a cikin gida, mata na kallon abin da maza ke yi a ƙofar gida a daidai lokacin da ake yinsa. Tun daga nan maza suka rage cusa goro bibbiyu a aljihu.

Ina da wata al'ada. Kowane kaset yana da ɗan kunne a bayansa, in an karya shi babu injin da zai sake ɗaukar wani abu a kai. Ni ban taɓa karyawa da kaina ba. Ina gama ɗauka sai in miƙa wa mai taro, ya sa bakin wuƙa a gaban jama'a, a ji ƙas. Wannan ƙas ɗin ya fi sa hannu a takarda ƙarfi a ƙauyukanmu. Sai aka fara kirana kan iyakar gona da rabon dabbobi.

Wanda ya raba ni da kaset wani maƙwabcin shagona ne da muke ce wa Injiniya, ya yi aiki a wani gidan talabijin har ya yi ritaya ya dawo gida.

"Mu can mun kwashe injinan kaset mun zuba a sito," in ji shi. "Yanzu ana ɗauka a ƙasa, mai tacewa a bene ya buɗe fayil ya fara yanka tun ba a tashi taro ba. Kai kana nan kana hura wa kaset iska kamar mai fifita wuta."

"Naka fayil ɗin, ana ajiye shi a ƙasan akwati?"

"Ana ajiye shi wuri uku lokaci guda, ɗan kasuwa. Kaset ɗinka fa?"

Na yi masa taurin kai damina biyu. Da sabon kaset ya ɓace a kasuwa, kyamarar kuma ta tauna mini kaset ɗin sunan ɗan wani mai unguwa, sai na sallama. Ya haɗa mini sabuwar kyamara mai memori, ɗan katin da ya maye gurbin kaset, da wayar hannu da ke tura ƙaramin kwafi guntu-guntu zuwa kwamfutarsa a Batsari ana cikin ɗauka. Ya ce in sayi memori biyu. Na ce ai baki ɗaya gare ni, cokali ɗaya ya ishe ni.

A makon ne Baffa ya aiko. Dattijon Bafulatani ne a gefen Tsaskiya, mai noma da kiwo, na ɗaukar masa suna ya fi sau biyar. Yana son ya raba wa 'ya'yansa shanu kyauta tun da ransa. Damuwarsa ɗaya ce: 'yarsa da mijinta ya rasu, ta dawo gida da yara uku. Ya san in ba a kafa shaida ba, babban ɗansa zai riƙe mata rabonta har ya manta nata ne.

"Liman zai mutu, ni zan mutu," ya ce. "Kaset ne ba ya mutuwa. Ka zo da shi, Kaɗo."

Ban gaya masa kaset ya riga mu duka ba.

Sabis a wurin nan ba ya sauka sai kan wata tsamiya da ke tudu bayan garke. Na sa aka kwashe tabarmi aka koma gindinta, na ari ragaya wajen mata, na sa wayar a ciki na rataya a reshe. Na ja wa mata talabijin ɗinsu, janareta na tari can nesa. Baffa ya zauna ya fara. Kowace saniya sai ya kira kamanninta, da uwar da ta haife ta, da halinta, kafin ya faɗi mai ita. Wata ma sai da ya ba da labarin yadda ta tunkuyi wani mai allura. Ya bar 'yar tasa a ƙarshe: jar karsana da shanun tatsa biyu. Babban ɗa ya sunkuyar da kai yana zane a ƙasa da tsinke.

Liman ya yi addu'a, aka shafa. Mutanen Runka suka miƙe, domin direban a-kori-kura ya rantse ba zai bari la'asar ta same shi a hanya ba. Baffa ya miƙo mini tafin hannu kamar yadda ya saba. Ni kuma hannuna ya riga hankalina, na zare memori na ɗora masa.

Ya dube shi, ya dube ni. "Yunwa ce ta kama kaset ɗin naka?"

Ina cikin dariya na juya in naɗe waya. Ashe ya jujjuya abin yana neman kunne, ya ga kusurwa ɗaya a gutsure, ya ce to nan ne. Na ji ƙas a bayana. Jama'a suka ce alhamdu lillahi. Baffa ya ɗaga ɓari biyu sama yana murmushi, kowa ya gani an rufe magana.

Ban yi ihu ba, amma ban san lokacin da na hau tsamiyar nan ba. Daga kan reshe na kira Injiniya.

"Guntu nawa suka iso?"

"Sha ɗaya. Na ƙarshen ya tsaya inda tsohon ke fyace hanci. Me ya sa ka zare memori ana cikin turawa?"

"Ka ji an ambaci jar karsana?"

"Ban ji ba. Sa ɗaya memorin ku sake mana."

Na kashe wayar.

Rabon mutum takwas ya isa Batsari lafiya. Na wadda aka tara mutane dominta ne kawai ya tafi. Na diro, na hau babur, na gitta shi a gaban a-kori-kura da ta riga ta fara gangara. Direba ya zage ni har kakana, na ce na karɓa, ya ba ni minti biyar. Sannan na koma na durƙusa gaban Baffa na faɗa masa gaskiya: abin da ya karya ba kunne ba ne, kan ne gaba ɗaya, kuma laifin nawa ne da ban yi bayani ba.

Kafin ya amsa sai ga 'yar tasa ta fito da mayafi, domin kyamara na nan kunne, mata sun ga komai.

"Baffa, na kowa ya tsira sai nawa ka sa wa wuƙa?"

"Kaɗon nan ne ya kawo kaset marar kunne."

"Kaɗo ya kawo, amma wa ya karya? In ɗan kiwo ya fasa ƙwarya, me kake ce masa?"

Baffa ya miƙe. Ya kama sandarsa ya taka har gefen motar, shaidu na zaune kan buhuna suna leƙowa. Na ɗaga wayar hannu na fara ɗauka. Ya maimaita jar karsana da shanun tatsa biyu, ya yi gyaran murya, ya ƙara da maraƙi guda daga 'yan waɗanda ya rage wa kansa.

"Baffa, ɗazu ba haka ka ce ba," in ji babban ɗa.

Tsohon ya buɗe masa tafin hannu da ɓari biyun a ciki. "Ga abin da na ce ɗazu. Kunna mu ji."

Har liman sai da ya rufe baki da gefen rawani. Ban janye babur ba sai da na koma tsamiya, na ji daga bakin Injiniya cewa wannan ma ya iso.

Da na zauna na auna, ga abin da na samu. Na yi asarar memori, da hoto mai kyau, don ƙaramin kwafin nan fuskoki a cikinsa kamar an shafa musu koko, muryoyi ne kawai tangaram. Na yi asarar babban ɗa, wanda ya yi suna sau uku tun daga lokacin, bai ko gayyace ni cin tuwo ba. Injiniya kuwa ya samu abin yi mini gori har gobe. A ɗaya ɓangaren, matar nan tana tatsar shanunta a turkenta, babu wanda ya taɓa ce mata uffan, kuma duk ranar kasuwa kwalbar man shanu na isowa shagona. Ban ce na ci riba mai yawa ba, amma ban faɗi ba.