Sandar da Na Kushe

A ƙarshen shekarun casa'in ba mu da yawa a Guangzhou, har ana iya sanin wanda ya sauka jiya. Laima nake saye ina aikawa Kano, kuma yawancinta daga hannun wani dattijo nake karɓa, mai ƙaramar masana'anta a bayan gari da ofis a benen Tianxiu. Lawban muke ce masa, wato maigida. Bayan la'asar nakan hau wurinsa mu sha shayi a 'yan mitsi-mitsin kofunan nan nasu. Turancinsa kaɗan ne, Sinancina bai kai nasa Turancin ba, amma kujerar da ke jikin taga tawa ce, kowa ya sani.

Wata rana na tarar da wani dogon kube a kan teburinsa. Akwai wani ɗan zango daga Kumasi a zaune, mai yi wa mutane lodin kaya, wanda ni ne na fara kawo shi ofishin. Lawban ya zaro gaɓoɓi huɗu daga kuben, ya harhaɗa su a hankali, sai ga sanda ta kusa taɓo silin. Sandar fatsa ce, amma ba irin tamu ba. Ba a sa mata tana. Ƙugiyar ake ɗaura wa gashin tsuntsu har ta yi kama da ƙwaro, a wurga ta sauka bisa ruwa, kifi ya taso ya cafke. Ya ce a watan nan ta fito daga masana'antarsa. Ya miƙo mini da hannu biyu.

Duk wanda ya tashi a kasuwar Kano ya san abin da ake yi idan an miƙo masa kaya. Ba a yabo. Aibi ake fara nema ko da rai ya biya, domin mai kushe shi ne mai saye. Na auna ta a tafin hannu, ba ta kai nauyin laima ɗaya ba. Na lanƙwasa kanta, ta dawo ba gardama. Raina ya biya ƙwarai. Sai na ce mahaɗa ta uku tana motsi, zoben ƙarshe cikin waɗanda zare ke bi ya ɗan kauce wa sauran, kuma an bar gam a bakin mariƙin. Duka ukun gaskiya ne, har yau ban janye ko ɗaya ba.

Lawban ya yi godiya, ya karɓi abarsa.

Ɗan zangon ya miƙe. "Kai, Lawban, wannan sanda ya yi kyau! Yaya ake jefa shi?"

Ya karɓa ya kaɗa, ya doki fanka. Lawban ya yi dariyar da ban taɓa ji daga bakinsa ba, ya zagayo ya kama masa wuyan hannu yana nuna masa.

Ran Lahadi Lawban ya ɗauke shi a mota suka tafi wani tafki a gindin duwatsu. Da yamma muna cin abinci a unguwar Dengfeng ɗan zangon ya shigo, wandonsa duk laka.

"Malam, ba da ƙarfi ake yi ba fa," in ji shi. "Zaren kake jira ya miƙe a bayanka, sannan ka saki."

"Kifi nawa ka kama?"

"Meyo." Wato babu.

"Ko ɗaya?"

"Na kama hular Lawban."

Kowa ya yi dariya. Ni na ci gaba da cin shinkafata. A bakinsa na ji cewa laima hanyar abinci ce kawai ga dattijon. Sandar kuwa shi ya zana ta da hannunsa, ya yi shekara da shekaru yana ɓatawa yana sakewa. Duk shayin da muka sha tare, ni bai taɓa gaya mini ba. Wanda bai san bambancin tarwaɗa da karfasa ba, shi aka gaya wa.

Bayan wasu makonni Lawban ya aiko a kira ni, ranar Lahadi da safe. Na sa takalmin da ba na jin tsoron ya ɓaci. Na tarar da sabuwar sanda a kan tebur. Mahaɗar ta kama gam, zobban sun jeru, mariƙin tsaf. Na ce masa ban taɓa riƙe abu mai kyau irin wannan ba.

Ya girgiza kai. Ba wannan yake so daga wurina ba. Ya nuna idona, ya nuna sandar, ya ce in zauna in duba da kyau, akwai wasu goma a kwali. Ya sa aka kawo mini shayi, ya jawo mini kujerata ta jikin taga.

Ɗan zangon ya leƙo, tsohuwar sandar nan mai aibi uku rataye a kafaɗarsa. An ba shi ita kyauta.

"Malam, sai mun dawo. In mun samu, kan kifin naka ne."

Ta taga na ga sun shiga motar. Na buɗe kwalin. A ta huɗu na sami zobe ɗaya da ya kauce.