Kamu Huɗu na Lam ɗin Tarakta

Cikin duk shekarun da na yi ina tuƙa taraktar ƙungiyar masu lambu a Badaguishiri, ranar da ba ta fita raina ita ce ranar da aka auna lam gaban kwamiti. Ku da kuka shigo aikin daga baya wani lam ɗin kuka tarar, ba ku ga na farko ba.

Ga wanda bai sani ba, lam faffaɗan ƙarfe ne da ake rataya wa tarakta ta baya, tana jan sa yana kankare ƙasa yana daidaita ta. Taraktarmu ƙarama ce, don haka zaɓensa na da ƙa'ida. In ya cika faɗi, ba ta iya jan sa idan ya ɗebi ƙasa. In kuma bai wuce tayoyin baya ba, da ka karkata shi don tura ƙasa gefe sai ya ƙara tsukewa, ka riƙa barin sawun taya a bayanka, kana gyara kana ɓatawa.

A shekarar damina ta cinye hanyar da ke gangarawa lambuna, ga albasa ta kusa fitowa. Kwamiti ya zauna, aka kira ni na yi wannan bayani, aka yanke a sayo lam a Birnin Konni. Sai shugabanmu, Alhaji Mamman, ya ce a auna. A wajenmu abin jama'a babba ke aunawa, kamar yadda shi ke fara sa hannu a akushi. Ya naɗe hannun riga, ya durƙusa bayan tarakta, ya auna da kamu, wato daga gwiwar hannu zuwa kan yatsa, ya ƙara ɗan abin da na ce a ƙara.

"Kamu huɗu," in ji shi. Kowa ya ce Allah ya sa albarka.

Alhaji Mamman dogo ne, sai ya sunkuya yake shiga ƙofar buro, wato ofishin ƙungiya. Sayayya kuwa aikin ma'aji ce, Malam Idi, wanda amanar ƙungiya ke hannunsa tun ba mu da ko baro. Shi kuma ko a kan jaki yake, babu reshen da ke taɓa hularsa. Ni ba a tura ni ba, direba tuƙi ne nasa.

Ya je ya dawo da lam sabo fil. Na rataya shi, na ja taku kaɗan, na waiwaya. Tayoyin nan biyu suna leƙowa ta kowane gefe.

"Sale, yaya?" in ji Alhaji, yana dubana.

"Ranka shi daɗe, wanga ƙarhe ya yi ƙarami."

Babu wanda ya ce wa Malam Idi komai a fuska. Mu ba ma haka. Sai dai kafin kasuwa ta zagayo, magana ta gama gari: an tura shi sayen babba ya sayo ƙarami, ina sauran? Har da masu tuna cewa bana ya sake kwanon ɗakinsa. A wurin niƙa matarsa ta jiyo ta kawo masa. Ya daina zama majalisa bayan la'asar, in ya gaishe ka ba ya tsayawa jin amsa. Raina ya ɓaci ƙwarai, don na san mutumin. Ni zargina a kan mai shagon Konni yake, na ɗauka ya ga baƙo ya yi masa wayo.

Aka sake zama ƙarƙashin rumfar buro, lam na kwance a tsakiya. Alhaji ya kira mai shagon, ya buɗe muryar waya kowa ya ji.

"Alhaji, ni ban zaɓa mishi ba," in ji mutumin. "Shi da kai nai ya auna gaban idona, ya ce wanga na."

Malam Idi ya tashi, ya naɗe hannun riga, ya durƙusa kan ƙarfen yana ƙirgawa da ƙarfi. Huɗu cif, ko yatsa bai ragu ba. Ya tsaya gefe yana kallon ƙasa.

Alhaji ya ce a gafarce shi, shi ma ya durƙusa. Ya samu uku da tafin hannu. Ya sake, ko ya yi kuskure. Uku da tafin hannu dai. Can sai ya ce, "Malam Idi, kawo hannunka." Dattawa biyu suka dafa gwiwar hannu kan lam, suka jera. Yatsun Malam Idi da ƙyar suka kai gindin yatsun Alhaji.

"To, jama'a kun gani," in ji Alhaji. "Ba wanda ya ci komi. Allah ne bai yi mu daidai ba."

Aka kwashe da dariya, waɗanda suka fi yawo da maganar su suka fi kowa ƙyalƙyalawa. Malam Idi bai yi ba. Ya saukar da hannun rigarsa a hankali, ya ce, "Alhaji, tun ana aihuwar wasu nan nike riƙe da kayanku. Ashe sai na tuɓe hannu kana a yarda da ni." Ya ajiye makullin buro kan lam ya tafi. An bi shi gida, har liman ya je, bai sake karɓa ba.

Lam kam mai shago ya musanya mana, tun da fentin kawai ya ɗan goge. Wannan karon kara na yanke daidai faɗin da ake so, aka tafi da shi. Hanya ta gyaru, motocin albasa suka shiga har ƙarshen lambuna.

Abin da na koya shi ne, in za a sayo maka ƙarfe, aika da awon kansa, kada ka aika da baki. Game da mutanenmu kuwa, na ga sun fi saurin auna mutum da auna ƙarfe. Ƙarfen nan kwana da kwanaki yana kwance gaban buro, babu wanda ya durƙusa ya gwada shi sai wanda ake zargi.