Ƙamshin Akwatin da Na Sayo a Lamisula

Ni mutum ne mai son gwanjo, kuma ban taɓa ɓoyewa ba. Tun ina saurayi a shagon ɗinkinmu na Abbaganaram, in na ji an yi wa wani ma'aikaci canjin gari zai sayar da kayan gidansa, to ranar keken ɗinki ya huta ke nan. Ba kuɗi gare ni ba. Abin da ke ja na shi ne tsayuwar nan a ƙofar gida, an shimfiɗa tabarmi, an fito da abubuwan da ba wanda ya taɓa gani sai masu gidan: tasoshin tagulla, fitilar ƙwai, tsohuwar rediyo, agogon bango da ya daɗe da tsayawa. Dillali ya ɗaga abu yana zuga shi, kai ka ɗaure fuska kamar ba ka so, alhali zuciyarka na dukan uku-uku. Wani ya taya, ka ƙara, ya harare ka, ka sake ƙarawa. In aka sallama maka, sai ka ji kamar ka ci yaƙi.

Matata Kanuri ce, mai baki kuma. Duk ranar da na shigo da kaya a ka sai ta riƙe haɓa ta ce, "Maigida, yau kuma gawar me ka ɗauko mana?" Na ce mata kayan tarihi ne. Ta ce tarihin ya kusa korar mu daga ɗaki.

Da rikici ya shigo gari, gwanjo ya yi yawa har ya fara ba ni tsoro. Da farko masu komawa garuruwansu ne ke karyar da kaya cikin gaggawa, dillali na waiwayen rana don kada lokacin hana fita ya riske mu. Daga baya sai kayan suka sake kama. Na mutanen ƙauyuka ne da suka gudo cikin gari da abin da suka iya ɗauka. Raha ta ragu a wurin. Duk da haka ina zuwa, kuma in aka sallama mini abu ina jin daɗin nan dai, sai dai ba ya kai ni gida.

A lokacin an katse layin waya, hanyoyi kuma ba a bin su sai da dalili mai ƙarfi. Yayar matata tana aure a Khaddamari, su biyu kaɗai mahaifiyarsu ta bari. Tun da aka ce mutanen wajen sun watse ba mu sake jin ɗuriyarta ba. Matata ta bi makarantun da aka sauke 'yan gudun hijira tana leƙa fuskoki, har ƙafarta ta kumbura. Ba wanda ya ce ya gan ta, ba kuma wanda ya ce ta mutu.

Wata ranar Asabar na je gwanjo a Lamisula, wurin wani tsohon dillali da muka saba. Can cikin kaya na hango akwatin katako, irin na amaren da, baƙi wuluk, da ƙusoshin tagulla a jikinsa. Wani mai sayar da kayan da ya nace a kansa, ni ma na nace, har mutane suka fara dariya, abin da aka daɗe ba a yi ba a wurin. Ni aka sallama wa. Na ɗora shi a Keke Napep ina ta murmushi ni kaɗai.

Matata na tsakar gida tana tsince shinkafa. Ta fara tsokanar da ta saba, sannan ta sa hannu ta ɗaga murfin. Ba komai a ciki. Amma sai na ga ta tsaya cak, ta sunkuyar da kanta cikin akwatin, ta daɗe a haka. Da ta ɗago, fuskarta ta canja.

"Na Yaya ne," ta ce.

Na ce mata irin wannan akwati ya cika Borno. Ta girgiza kai. A nan kowace mace da haɗin turaren wutarta, uwa ke koya wa 'ya, kuma ba a faɗa wa maƙwabciya. Mahaifiyarsu takan soya kajiji da busasshen ɓawon lemun tsami kafin ta haɗa da sandal, su biyun nan kaɗai suka gaji wannan. A akwatin nan yayarta ke ajiye kwalaben turarenta tun tana amarya, katakon ya sha ƙamshin. Ni da na yi ta juya shi ina duba ƙusoshi, hancina bai gaya mini komai ba.

Na koma Lamisula a guje. Dillalin ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Malam, ka fi kowa sanin sana'ar nan. Ba ma faɗin mai kaya." Na sani ɗin. Wanda ya fito da kayan ɗakin matarsa kasuwa, rufin asiri ya zo nema, kuma da wannan amanar dillali ke cin abinci. Sau nawa na yaba masa a kan haka? Amma ranar na ɗaga masa murya a gaban mutane, na ce rai ake magana, ba tasar tagulla ba. Da na huce ya ce, "Suna ba zan ba ka ba. In kuna da saƙo, zan kai."

Matata ba ta ba da saƙon baki ba. Ta ƙulla nata turaren a tsumma, ta ce a miƙa wa mai kayan, in Yaya ce za ta gane. Kwanakin da suka biyo baya, ko akuya ta taɓa ƙyauren gida sai ta miƙe tsaye.

Dillalin da kansa ya zo, abin da bai taɓa yi ba. Ya zauna a zaure, ya cire hula ya riƙe a hannu, ya ce in kira matata kusa da labule. Mijin yayar ne ya kawo akwatin, kuma shi ya ba shi izinin magana. Sun iso gari da ƙafa, ita ba lafiya, ba ta jima ba ta cika, aka binne ta cikin baƙi. Ya sayar da akwatin don yara su ci abinci, daga nan kuma kunya ta hana shi tako gidanmu. Da aka ba shi ƙullin turaren, ya kwance, ya shinshina, ya zauna a ƙasa yana kuka.

Ta bayan labule na ji matata ta ce, "Baba, ina yaran?" Washegari muka ɗauko su.

Har yau in na ji labarin gwanjo ƙafata na ƙaiƙayi, wani lokaci ma ina zuwa, sai dai na rasa bakin tayawa. Akwatin yana ƙarshen gadonmu, an lulluɓe shi da zane. Matata na iya haɗa turaren nan duk ranar da ta so, amma ta ce ba ɗaya ba ne, ƙamshin da ke cikin akwatin hannun Yaya ne. Rannan na sa hannu zan ɗaga murfin don in gyara masa ƙusa, ta riƙe ni.

"Bar shi a rufe, Maigida," ta ce. "Duk buɗewa raguwa yake yi."