Ranar da Aka Tsallake Sale

Wata Talata ce da hantsi, cikin bazara, shekarar da aka cire wa makarantar unguwarmu rufin ciyawa aka sa mata kwano. Ina tsaye a bakin tagar aji ɗaya da farantin ƙosai a kaina, ina jiran a kaɗa ƙarfe yara su fito tara. Ni ba 'yar makaranta ba ce, talla nake kaiwa. Ƙanena Sale aka sa boko, ni aka ce aikin gida ya ishe ni. Ina leƙawa sai na hango Sale kwance a tsakiyar aji, ya miƙe sambal kamar taɓarya, yara sun yi layi ta wajen ƙofa. Malaminsu, wani dogon mutumin kudu da bai iya Hausa ba sai ta cefane, yana tsaye yana tafi. In ya tafa, yaro ɗaya ya rugo ya tsallake Sale, ajin duka su ɗauka baki ɗaya, "Jamp oba Sale." Wani ya biyo, wani ya biyo. Shi kuwa sakaran yana ƙasa yana ta dariya, wai shi aka zaɓa. Don ya fi kowa ƙanƙanta aka zaɓe shi, ba don komai ba.

Wannan oba ta daɗe tana ruɗa ni. Littattafai ba su ishi yaran ba, saboda haka da jiki malamin yake koyarwa. Ran nan na ga ya riƙe tsumman goge allo a saman kan wata yarinya, aka ce oba. Washegari ya jefa ƙwallon tsumma ta haye katanga, aka ce oba. In lokacin tashi ya yi ya rufe littafi, nan ma oba. A tasha kuma, inda nake ƙarasa tallar, direbobi na faɗa da ma'aikata a kan obalodi. Na rasa ko sunan tsumma ne, ko na katanga, ko na buhun gero. Amma ta Talatar nan ba ruɗani kaɗai ta ba ni ba, har da tsoro, don na san dokar gidanmu.

Gidanmu babba ne, mai rumbuna a tsakiya da turken awaki a bayan ɗakin Iya, kakarmu ta wajen uba. Da bazara a tsakar gida muke shimfiɗa tabarmi, yara jere kamar an shanya kifi. Ni ke tashi da asuba in tafi gulbi in tona rairayi in ɗebo ruwa, kuma sai na zagaye kowa, ko da zan tuntsure da tulu. In ƙafarka ta kuskure ta haye wani, to ka dawo ta inda ka bi, da baya. Ko a wasan 'yar gala-gala ko langa, in wani ya faɗi, tsayawa ake yi har ya tashi. Iya takan ce, "Wanda aka ƙetare, an danne mashi tsawo." Takan kuma ce, "Ƙahwar da ta tahi, ita ka dawowa." Ba mu taɓa tambayar dalili ba, kamar yadda ba mu tambayi dalilin da ya sa ba a zama a kan turmi ba.

Na yi niyyar in ja bakina, amma Sale ya riga ni gida. Na tarar ya kwantar da taɓarya yana tsallake ta yana ihun oba. Iya na kaɗi a gindin rumbu ta tambaye shi wane irin tsalle ne wannan, shi kuma ya kwashe duka ya faɗa mata, yana alfahari. Ta ajiye mazari. Sale shi take kira mijinta, shi take ɓoye wa ƙanzo. Ta ce, "Aji guda? Duk sun bi ta kanka kana kwance?" Da Baba ya dawo daga gona ta ce ya ji da kyau, ba za a gajarta mata miji ba. Ko dai duk ƙafar da ta haye shi ta dawo, ko ya bar boko har abada. Baba ba ya musu da uwarsa. Sale ya kwana yana kuka, don yaron nan yana son makaranta kamar me.

Da safe Iya ta yafa zane ta tasa ni gaba, ni ce shaida. Hedimasta ya yi mana tafinta. Malamin ya kasa gane laifinsa. Ya ɗauki alli ya zana tsuntsu a saman gida, ya zana gada a kan ruwa, yana nunawa yana bayani, wai kalmar ce take da wuyar kamawa, sai yaro ya yi da ƙafarsa take zauna masa. Iya ta dubi tsuntsu, ta dubi gada, ta dube ni, ni ma ban gane ba. Ta ce wa hedimasta, "Tambaye shi, icce ya ƙare a garin ga ne, da sai ɗan mutane za a shimhiɗa?" Malamin nan ba mugu ba ne. Da aka fahimtar da shi ya kama baki, ya ba da haƙuri, ya sa Sale ya koma ya kwanta yadda ya kwanta jiya, kai wajen allo. Yara suka yi layi ta wajen taga suka riƙa dawowa, suna ta ƙyaƙyata dariya, Iya na tsaye a ƙofa tana duban ƙafa ɗaya-ɗaya. Da aka gama sai wata yarinya ta ce saura Illa.

Illa ɗan wani direba ne daga wajen Maraɗi, an ajiye shi gidan gwaggonsa. A yammacin Talatar nan uban ya zo ya ɗauke shi suka ƙetare iyaka, ba wanda ya san ko zai dawo. Iya ta ce ƙafa ɗaya ma ƙafa ce. Aka karɓe allon Sale na dutse aka rataye a ɗakinta, aka ba shi sanda ya bi awaki.

Damina ta faɗi, aka yi shuka, aka yi noman farko, Sale yana bayan awaki. In ya ji ƙarfen makaranta sai ya juya baya. Ni kuwa na mai da tallata bakin iyaka, wajen da ake ɗaga sanda motoci su wuce. Duk motar da ta fito daga Nijar sai na bi ta ina tambaya ko sun san Illa ɗan direba. Wasu su ce Illa ai ya fi a ƙirga a Maraɗi. Wasu su yi mini magana da kamiyo da duwan, in tsaya ina kallon bakinsu, ashe babbar mota da kwastan suke nufi. Turancin malami bai gama ruɗa ni ba, ga na Faransa ya ƙaru.

Sai wata Lahadi, ranar kasuwa, na hango Illa a tasha a saman lodin wake yana kwance igiya, ya zama yaron motar ubansa. Na bar faranti wurin mai shayi na ruga na jawo Sale. Illa ya ce zai yi, amma sai an cika masa hannu da ƙosai. Sale ya kwanta a tsakiyar tasha, mutane suka taru. Illa ya ɗaga ƙafa ke nan wani direba ya ce a dakata, ta wane gefe ya haye tun farko? In ya sake bi ta can, ai ya zama biyu. Nan fa aka rikice. Illa ya ce ta dama, Sale ya ce ta hagu. Aka ce damar wa, ta mai kwance ko ta mai tsalle? Wani ya ce a duba gabas, wani ya ce ya yi ta kowane gefe a huta, aka ce masa ai komawa gidan jiya ke nan. Ni na ce abu ɗaya na sani, daga ƙofa suka taso suka sauka wajen taga. To a tasha ina ƙofa, ina taga?

Wani tsohon ɗan dako da ake kira Baba Na-Allah ya sauke buhunsa ya ce, "Ke ɗiyar ga, ina kike tsaye ran nan?" Na ce bakin taga. Ya ja layi da ɗan yatsan ƙafa a ƙasa, ya ce ga taga, tsaya nan. Ya zana ƙofa, ya zana allo, sai da ya gina aji guda a cikin rairayi, ya juya Sale kai wajen allo. Illa ya zo gabana ya tsaya, ya taka a hankali ya tsallake Sale ya koma wajen ƙofa. Da ya sauka ya ce oba, don ita kaɗai ta rage masa daga boko. Tsohon ya raka mu har gida ya ba da shaida, don Iya ba za ta karɓi maganar yara ba. Ta saurare shi har ƙarshe, ta shiga ɗaki ta ciro allon.

Sale ya yi karatu har ya koyar da wasu. Tsawo dai bai zo ba, a kafaɗata ya tsaya. Babanmu ma gajere ne, amma Iya har ta koma ga Allah tana cewa ajin tasha a karkace aka zana shi.

Ni sai da na aurar da 'ya'ya na shiga ajin yaƙi da jahilci. Da hannuna ya faɗa, kalmar da na fara sa jikata Bilki ta rubuta mini ita ce wannan, over. Ta ce in an ce over the wall, ta saman katanga ne. Over there, can ne. It is over, an gama. Over and over, a yi ta maimaitawa. Na ce kalma ɗaya da aiki kamar jakin haya, ta ce haka Turanci yake. Na so in tambayi Sale, shi da aka koya a kansa, ina ta cewa sai ya zo, har ciwo ya kwantar da shi bara. Da aka fito da karan da aka auna shi za a kai wa masu haƙa kabari, na ga kara ɗan guntu, sai tashar nan ta faɗo mini, da dariya da kuka duk suka zo mini tare.

Yanzu jikokina suna kwance a kan katifu, wannan ya haye wancan ido na kan waya, ba mai waiwaye. Malamar islamiyya ta ce camfi ne, kuma na yarda da ita. Bakin iyaka ma ya zama wani abu, yau a buɗe gobe a rufe, ba inda yarinya za ta bi motoci tana cigiyar yaro a tsaya a saurare ta. Amma jiya da ƙaramin ya haye jaririyar gidan, ban san lokacin da na kama hannunsa na ce ya dawo ba. Ya tambaye ni ta wane gefe. Har yau ban tabbata ba.